Baƙi 'Yan Kasuwa da Masu Zuba Jari a Jihar Kano: Tanade-tanaden Doka da Nauyin da Ke Kan Shugabannin Al'umma

Gabatarwa

Kano cibiyar ciniki ce tun ƙarnoni masu yawa, kuma har yau baƙi daga ƙasashen Sin, Indiya, Labanan, Turkiyya da maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma suna shigowa domin saye da sayarwa ko kafa masana'antu. A da, harkokinsu sun fi tsayawa a cikin birni da Fagge da unguwannin masana'antu na Bompai, Sharaɗa da Challawa. A 'yan shekarun nan kuwa sukan kai har karkara, suna neman riɗi da zoɓo da fatu, ko filin noma, ko wurin haƙar ma'adinai. Saboda haka dagaci ko mai unguwa ko jami'in ƙaramar hukuma yakan wayi gari da baƙo a ƙofarsa, tare da tafinta da jakar takardu, ana neman ya sa hannu.

Sa hannun da aka yi cikin rashin sani yana iya jawo asarar gonar gado, ko rikici tsakanin gari da kamfani, ko ma gurfana a gaban kotu. Haka kuma, korar baƙon da ya cika sharuɗɗan doka tana iya hana matasan gari aikin yi. Manufar wannan bayani ita ce fayyace takardun da doka ta wajabta wa baƙo ɗan kasuwa, da hukumomin da ke bayar da su, da kuma iyakar ikon shugabannin al'umma a kan lamarin.

Dala da al'adar saukar baƙi

A gindin Dutsen Dala birnin Kano ya fara, kuma a nan aka fara tsara yadda ake zama da baƙo. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta jawo fatake daga ko'ina. Sunayen unguwanni irin su Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari da Ayagi suna nuna asalin waɗanda suka fara sauka a cikinsu. Dandalin Turawa kuwa mazaunin Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, a unguwar Dala ya sauka lokacin da ya zo Kano a 1851.

Baƙon wancan zamani ba shi da fasfo ko biza, amma kuma ba ya shiga kasuwa haka kawai. Dole ya sauka a hannun fatoma ko mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa idan an sami saɓani. Idan baƙo ya ci bashi ya gudu, mai masaukinsa ake nema. Ta haka gari ya san kowane baƙo da wanda ya ɗauki alhakinsa.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turai da 'yan kasuwar Labanan da Siriya sun shigo cinikin gyaɗa da tufafi, aka keɓe musu filaye a wajen ganuwa, a ɓangaren Fagge. Bayan samun 'yancin kai, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun keɓe wa 'yan Nijeriya wasu sana'o'i, suka kuma tilasta wa baƙi sayar da wani kaso na hannun jarinsu. Daga baya gwamnati ta sauya manufa domin jawo jari, inda dokar da ta kafa Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Ƙasa a 1995 ta ba baƙo damar mallakar kamfani gaba ɗaya. Duk da waɗannan sauye-sauye, tushen tsarin fatoma yana nan a cikin dokar zamani: kowane baƙo ma'aikaci sai an sami wanda ya ɗauki alhakinsa a rubuce.

Wa ke da ikon ba da izini?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya shige da fice, da fasfo da biza, da korar baƙi daga ƙasa, a cikin jerin al'amuran da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Hukumar Kula da Shige da Fice ta Ƙasa, wadda aka cire daga rundunar 'yan sanda a 1958, ita ce ke aiwatar da wannan iko a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Dokar da take aiki da ita ita ce Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, tare da ƙa'idojin da aka fitar a 2017.

Ma'anar wannan ita ce, gwamnatin jiha, ƙaramar hukuma, hakimi, dagaci ko ƙungiyar kasuwa, babu wanda ke da ikon ba baƙo izinin zama ko na aiki, babu kuma wanda ke da ikon korarsa daga ƙasa. Takardar shaida daga mai unguwa ko katin ƙungiyar 'yan kasuwa ba sa maye gurbin takardun tarayya. Ikon jiha ya shafi ƙasa, tsara gine-gine, kare muhalli da harajin albashin ma'aikata, wanda baƙon da ke zaune a Kano ma yake biya ga Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jiha. Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Jihar Kano, wadda aka fi sani da KanInvest, ita ce ƙofar da mai zuba jari ke bi domin hulɗa da ma'aikatun jiha. Ƙaramar hukuma kuma tana kula da rumfunan kasuwa, izinin shaguna da filayen karkara.

Takardun kamfani

Kafin a duba takardun mutum, ana fara duba na kamfanin da ya kawo shi. Matakai biyar ne muhimmai.

Na farko, rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa kamfanin ƙasar waje da ke son yin kasuwanci a Nijeriya sai ya kafa kamfani mai rajista a nan, in ban da 'yan kaɗan da ake keɓewa da izini na musamman. Kowane kamfani yana da lambar rajista, kuma kowa yana iya bincika suna da lambar a shafin hukumar na intanet.

Na biyu, rajista da Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Ƙasa, wato NIPC. Dokar 1995 ta buɗe kusan dukkan sana'o'i ga baƙi, amma ta haramta wa kowa, baƙo ko ɗan ƙasa, zuba jari a ƙera makamai da harsasai, da miyagun ƙwayoyi, da ɗinka kayan sarki na soja da makamantansu.

Na uku, takardar shaidar shigo da jari. Idan kuɗi ko injuna suka shigo daga waje, banki mai lasisi ne ke bayar da ita. Da ita ake tabbatar da cewa baƙon ya kawo jari da gaske, da ita kuma zai fitar da ribarsa ta halattacciyar hanya.

Na huɗu, izinin kasuwanci daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Littafin jagorar da ma'aikatar ta sabunta a 2022 ya ƙayyade cewa kamfanin da ke da hannun baƙi sai jarinsa ya kai naira miliyan 100 kafin a ba shi wannan izini.

Na biyar, kason ma'aikata 'yan waje. Wannan takarda ce da ke lissafa muƙaman da aka yarda kamfani ya kawo wa baƙi, kamar manajan darakta ko babban injiniya, tare da adadinsu da wa'adinsu. Sharaɗinta shi ne a haɗa kowane baƙo da 'yan Nijeriya biyu masu koyon aikinsa, domin su gaje shi idan wa'adin ya cika. Kamfani kuma yana miƙa wa hukuma rahoton baƙinsa kowane wata. Bugu da ƙari, Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na watan Fabrairun 2018 ya hana ba da biza ga ma'aikacin waje wanda ake da masu irin ƙwarewarsa a cikin gida. Don haka kamfanin da ya kawo baƙo ya zama direba ko mai auna hatsi ya kauce wa manufar dokar.

Akwai rangwame ga kamfanonin da ke cikin yankunan ciniki na musamman, kamar wanda ke Fanisau a Ƙaramar Hukumar Ungogo. Su suna ƙarƙashin wata hukumar tarayya ta daban, kuma ba a neman takardar kaso daga gare su, amma ma'aikatansu baƙi sai sun mallaki izinin zama.

Takardun mutum

Kowace biza tana da abin da ta halatta. Manufar biza da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2020 ta faɗaɗa rukunonin biza daga 6 zuwa 79, ciki har da na masu zuba jari. Sai dai ga mai aikin yau da kullum, guda uku ne ya kamata ya sani.

Bizar ziyarar kasuwanci ta ɗan gajeren lokaci ce, ba ta wuce kwana 90. Ta halatta halartar taro, baje koli, duba kasuwa da ƙulla yarjejeniya. Ba ta halatta karɓar aiki ko buɗe shago ba.

Izinin aiki na wucin gadi na ƙwararru ne da kamfani ya gayyato domin aiki ƙayyadadde, kamar kafa injin casar shinkafa ko gyara shi ko horar da ma'aikata. Da zarar watannin da aka ba shi sun ƙare, sai ya koma ƙasarsa.

Bizar aiki ta dogon zama, wadda jami'ai suka saba kira STR, ita ce ta manajoji da ma'aikatan da za su cike muƙaman da ke cikin takardar kaso. Bayan mutum ya iso, yana da kwana 90 ya daidaita zamansa, sannan a ba shi katin zama da aiki mai suna CERPAC, wanda ake sabuntawa idan wa'adinsa ya ƙare. Wannan izini yana ɗaure da kamfanin da ya nema da kuma muƙamin da aka ambata. Wanda aka kawo a matsayin injiniyan masaƙa a Sharaɗa ba shi da hurumin komawa sayar da atamfa a kasuwa, kuma ba zai sauya kamfani ba sai da amincewar hukuma. Kamfanin da ya kawo shi ya rubuta cewa ya ɗauki alhakinsa, har da kuɗin mayar da shi gida idan ta kama. Wannan shi ne fatoman zamani.

An ga amfanin wannan bambanci a watan Mayun 2012, lokacin da jami'an shige da fice suka kama 'yan ƙasar Sin 45 a Kasuwar Kantin Kwari, bayan koke-koken 'yan kasuwa cewa baƙin sun shiga cinikin tufafi suna gogayya da su. Darasin da ke ciki shi ne, tambayar da doka ke yi ba ta tsaya ga ko baƙo yana da takarda ba. Tana kaiwa ga ko aikin da yake yi shi ne wanda takardar ta halatta masa.

Maƙwabta da 'yan ƙasa masu asalin waje

'Yan ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suna da matsayi na daban. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba su damar shigowa ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, muddin suna da takardar tafiya ingantacciya kuma sun bi ta kan iyakar da hukuma ta amince da ita. Wanda zai zarce haka sai ya nemi katin zama na ECOWAS. Jamhuriyar Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar, ƙungiyar ta sanar da cewa za a ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe, da 'yancinsu na zirga-zirga da zama, har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Saboda zumunci da cinikin da ke tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram, wajibi ne shugabanni su riƙa neman bayani daga jami'in shige da fice kafin su yanke wa wani ɗan Nijar hukunci.

Har ila yau, launin fata ba ya nuna ƙasar mutum. Akwai iyalai masu asalin Labanan, Siriya da Libiya da suka yi zuriya a Kano, kuma da yawansu 'yan Nijeriya ne cikakku. Sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulki ya ba baƙon da ya zauna shekara 15 ya kuma cika sauran sharuɗɗa damar neman zama ɗan ƙasa, sashe na 26 kuma ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista. Irin waɗannan ba a tambayarsu katin zama.

Sauye-sauyen baya-bayan nan da hukunci

A watan Yulin 2019 aka fara rajistar baƙi ta kwamfuta ga duk wanda zai zauna fiye da kwana 90. A watan Fabrairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wani haraji na shekara-shekara a kan ma'aikata 'yan waje, dala 15,000 ga darakta da dala 10,000 ga sauran ma'aikata, amma aka dakatar da shi a watan Maris na shekarar bayan ƙorafin masu masana'antu. Daga ranar 1 ga Mayun 2025 aka fara neman bizar gajeren zama ta intanet, wadda ta maye gurbin bizar da ake karɓa a filin jirgin sama, aka kuma mayar da neman kaso da katin zama kan kwamfuta. A wannan shekarar ce aka sanar da tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya zarce wa'adinsa, tare da hana shi sake shigowa na wasu shekaru, bayan wa'adin afuwa da ya ƙare a ƙarshen watan Satumba.

Ƙa'idojin 2017 sun tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira 500,000, ko duka biyun, ga baƙon da ya ƙi daidaita zamansa ko sabunta izininsa. Kamfanin da ya ƙi sabunta takardar kaso ko miƙa rahoton wata-wata yana fuskantar tarar naira miliyan 3. Kuɗaɗen takardu sukan canza, don haka a riƙa tambaya a ofishin hukumar, a kuma biya ta asusun gwamnati kawai, a karɓi rasit.

Ƙasa, amfanin gona da ma'adinai

A nan ne lamarin ya fi shafar mutanen karkara. Katin zama izini ne na zama da aiki kaɗai. Bai ba mai shi ikon mallakar gona, ko sayen hatsi a duk inda ya ga dama, ko haƙa rami a dutse ba.

Dangane da ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara, ƙaramar hukuma tana iya ba da haƙƙin amfani da fili, amma ba za ta wuce hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo ba sai da yardar gwamna. Sayarwa ko jinginar da fili ba ta inganta sai da amincewar hukumar da abin ya shafa. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan ƙasar Jamus kan wani fili a Kajuru ta Jihar Kaduna. Mutumin ya sayi filin ne da sunan wani kamfani, daga baya ya nemi kotu ta ce nasa ne. Kotun ta ƙi, inda ta bayyana cewa dokar ta tanadi ƙasa ne domin amfanin 'yan Nijeriya. Hanyar da aka saba bi ita ce kamfani mai rajista a Nijeriya ya nemi fili da sunansa, ta hannun ma'aikatar ƙasa, a auna, a biya diyya ga masu gonaki, a rubuta wa'adi.

Dangane da amfanin gona, a watan Maris na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana baƙi da wakilansu zuwa bakin gona su sayi amfani kai tsaye daga manoma. An tanadi cewa su saya ta hannun wakilan saye 'yan ƙasa masu lasisi. Dalilin da aka bayar shi ne kare manomi daga karyar da farashi. Wannan ya shafi cinikin riɗi, zoɓo da waken suya da ke bi ta Kasuwar Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa.

Dangane da ma'adinai, Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tabbatar da cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ne ke ba da lasisi. Mai gona ko dagaci ba shi da ikon sayar wa kowa kuza ko zinariya da ke cikin ƙasa. Amma dokar ta ba al'umma kariya biyu: sai an nemi yardar mai fili, kuma mai lasisin haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma a rubuce kafin ya fara aiki. Yankuna masu ma'adinai irin su Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa su ne suka fi buƙatar kiyaye wannan.

Haɗarin aron suna

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Baƙon da bai cika sharuɗɗa ba yakan nemi ɗan ƙasa ya ara masa suna: a yi rajistar kamfani, ko a kama rumfa, ko a buɗe asusun banki da sunan ɗan gari, a riƙa ba shi ɗan abin hannu kowane wata. Wannan ɗabi'a ta yawaita tun zamanin dokokin 1972 da 1977. Wanda ya ba da sunansa ya sani cewa a idon doka shi ne darakta. Idan haraji ya taru, ko bashin banki ya hau, ko aka kama kayan fasa-ƙwauri, shi za a nema, alhali mai dukiyar yana iya hawa jirgi ya tafi. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana ainihin masu iko da kamfani, saboda haka ɓoye su laifi ne. Shi ma baƙon ba shi da kariya, kamar yadda shari'ar Kajuru ta nuna.

Ba Nijeriya kaɗai ke da irin waɗannan ƙa'idoji ba. Dokar zuba jari ta ƙasar Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma nemi jarin dala miliyan 1 daga baƙon da zai yi fatauci, abin da ya kai ga rufe shagunan 'yan Nijeriya a Akara da Kumasi a 2019 da 2020. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Gana, Dubai, Saudiyya da Sin su ma su tabbata sun san abin da bizarsu ta halatta. Yadda muke so a yi musu adalci a can, haka ya kamata mu yi wa baƙonmu a nan.

Abin da ake buƙata daga shugabannin al'umma

Ƙaramar Hukumar Dala, mai hedikwata a Gwammaja, tana da mutane fiye da 400,000 bisa ƙidayar 2006, ga kuma babbar kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa. A wuri mai cunkoso irin wannan, da ma a ƙauyuka masu nisa, jami'an tarayya ba za su san kowane baƙo ba sai da taimakon masu unguwanni. Ana kira ga shugabanni a dukkan ƙananan hukumomi 44 na jihar da su kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A karɓi baƙo da mutunci, a tambayi sunan kamfaninsa, lambar rajistarsa, adireshinsa da abin da ya kawo shi, a rubuta.

2. A sanar da hakimi da jami'in shige da fice da ke kula da ƙaramar hukuma. Shi ne mai ikon bincika fasfo da katin zama da tabbatar da ingancinsu.

3. Kada a sa hannu ko a buga hatimi a kan takardar da ba a fahimta ba. A nemi a fassara ta da Hausa, a kai wa sashen ƙasa na ƙaramar hukuma ko lauya, a kuma ajiye kwafi.

4. Kada a ba da takardar shaidar zama ɗan asalin gari ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Da ita ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa da fasfo, kuma wanda ya sa hannu yana cikin laifin.

5. Masu gidajen haya da masaukai su riƙa rubuta bayanan baƙin da suka sauka a wurinsu.

6. Duk alƙawarin ɗaukar matasa aiki, haƙa rijiya ko gyara hanya, a sa shi a rubuce da wa'adi, a gaban shaidu da wakilin ƙaramar hukuma.

7. Kada kowa ya ƙwace fasfon baƙo, ko ya rufe masa shago, ko ya tara jama'a a kansa. Idan akwai zargi, a kai rahoto. Kada kuma a nemi wani kuɗi da doka ba ta tanada ba.

Ga masu zuba jari kuma, shawara ita ce su nemi lauya mai rajista tun kafin su iso, su guji 'yan kamasho masu alƙawarin takarda cikin kwana ɗaya, su kuma kai gaisuwa ga shugabannin garin da za su yi aiki a cikinsa.

Kammalawa

Jihar Kano tana buƙatar jari da ƙwarewa daga waje domin farfaɗo da masana'antu da sarrafa amfanin gona. Tashar sauke kaya ta kan tudu mai ɗauke da sunan Dala, wadda aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023, an gina ta ne domin ƙara yawan wannan ciniki, kuma ciniki yana tafe da baƙi. Kakanninmu na gindin Dala sun ci moriyar baƙi ne saboda sun san kowane baƙo da mai masaukinsa. Abin da ya rage ga shugabannin yau shi ne su san takardun da aka lissafa, su tsaya a kan iyakar ikonsu, su kuma miƙa abin da ya fi ƙarfinsu ga hukumar da doka ta ɗora wa alhaki. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin Hukumar Kula da Shige da Fice na Jihar Kano, ko KanInvest, ko sakatariyar ƙaramar hukumarsa.

Allah Ya ƙara wa Jihar Kano albarka da zaman lafiya, amin.